Masara Ɗiyar Taki Ce: Lissafin da Manomi Ke Yi Kafin Saukar Damina

A ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗowa daga gabas ya watse bai zubar da ko ɗigo ba, akwai wani aikin gona da ake yi a zaure, ba a ɗaukar masa fartanya. Maigida kan zauna da ƙannensa da manyan 'ya'yansa, a ƙiyasta abin da ya rage a rumbu, a ƙirga abin da ke aljihu, sannan a raba gonaki: wannan masara, waccan dawa, ta bakin rafi shinkafa. Shekaru da dama zaman nan bai cika yin tsawo ba a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da kudancin Kano, domin kowa ya san gona mai kyau ta masara ce. A 'yan shekarun nan zaman ya yi tsawo, har akan tashi ba a daidaita ba. Abin da ya jawo haka shi ne kuɗin buhun takin zamani.

Akwai masu kallon manomin da ya bar masara ya koma waken suya ko dawa a matsayin wanda ya karaya, ko wanda ke bin yayi. Ni a ganina mutumin nan lissafi ya yi, kuma galibi lissafinsa daidai ne. Sai dai lissafin da ya yi wa mutum ɗaya daidai yana iya cutar da jama'a idan kowa ya yi shi a damina ɗaya. Kuma akwai wurare biyu ko uku da yake ɓoye wata asara wadda ba ta bayyana sai bayan shekaru.

Ya kamata mu fara tuna yadda masara ta zama sarauniyar gonakin Arewa, domin yawancin matasa sun taso sun tarar da ita a kan gadon, suna zaton gado ta yi. Dattawa sun san ba haka ba ne. A da masara shukar bayan gida ce, inda toka da shara da kashin dabbobi suka sa ƙasa ta yi baƙi. Ana gasa ta ɗanya a rage yunwar tsakiyar damina, amma tuwon shekara na dawa ne da gero. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya. Suka zo da ingantaccen irin masara daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da hanyoyin karkara, da malaman gona, da kuma takin zamani wanda gwamnati ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗinsa daga arzikin man fetur. Da waɗannan ne masara ta fito daga bayan gida ta mamaye manyan gonaki. Wato tun farko an ɗaura aurenta da taki mai araha ne, kuma ba ta taɓa zama ba tare da shi ba.

Dalilin a jikin shukar yake. Masara tana da cin sinadarin naitirojin, wanda shi ke sa ganye ya yi kore shar, zangarniya ta cika. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa a wannan yanki ita ce kimanin kilo 120 na naitirojin a kowace hekta, da kilo 60 na fosfet, da kilo 60 na fotash. Mu mayar da wannan zuwa buhuna. Kamfa mai lamba 15:15:15 ma'anarta kowane ɗaya daga cikin sinadaran uku kashi 15 ne cikin ɗari, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi kacal na naitirojin. Yuriya kuwa kashi 46 ce, buhunta na da kilo 23. Duk wanda zai cika waccan shawara sai ya zuba kamfa buhu takwas, ya bi da yuriya kusan buhu uku, a hekta ɗaya tak. Manoma kaɗan ne suka taɓa kaiwa can, ko a zamanin araha, amma adadin yana nuna girman cikin wannan shuka.

To me ya sa buhun ya yi tsada haka? Tambayar da aka fi yi, kuma da gaskiyar masu yin ta, ita ce: ba a ƙasar nan ake yin yuriya ba? A nan ake yi. Akwai masana'antar Indorama a Eleme ta jihar Ribas, akwai ta Dangote a Lekki da aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, mai ƙarfin tan miliyan uku a shekara. Nijeriya tana samar da yuriya fiye da abin da gonakinta ke sha, har tana sayar wa ƙasashe irin su Brazil. Ana yin ta ne daga iskar gas, ta hanyar da Bajamushen nan Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita aikin masana'anta. Amma kayan da za a iya ɗorawa a jirgin ruwa a karɓi dala, farashinsa a gida yana bin na kasuwar duniya ne, ko da a bayan ɗakinka ake yin sa. Kamfa kuwa lamarinta ya fi haka wuya, domin sinadarai biyu daga cikin ukunta daga waje ake kawo su. Fosfet yawanci daga Maroko yake zuwa, ƙasar da ke riƙe da mafi yawan abin da duniya ke da shi a ƙarƙashin ƙasa. Fotash kuma ƙasashe uku ne suka fi haƙo shi: Kanada da Rasha da Belarus.

Duk wanda ya riƙe waɗannan sunaye zai gane abin da ya biyo baya. A 2021 kuɗin gas ya tashi a Turai, aka ƙaƙaba wa Belarus takunkumi, Sin ta taƙaita fitar da takinta. A watan Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukiren, farashin duniya ya yi tashin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Daga baya ya sauka a can, amma mu a nan saukar ba ta iso mu ba, domin a 2023 an cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Kuɗin dako daga tashar jiragen ruwa zuwa Funtuwa ko Saminaka shi ma ya hau. A 2017, ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko, an ƙayyade buhun kamfa mai lamba 20:10:10 a kan naira 5,500. Yau idan ka faɗa wa yaro wannan adadi sai ya ɗauka tatsuniya kake ba shi.

Duk da haka, kuɗin buhu a naira ba shi ne adadin da manomi mai hankali ke dubawa ba. Naira tana yaudara, tun da komai ya tashi tare. Abin da yake tambaya shi ne: buhun masara nawa zan kai kasuwa in dawo da buhun taki ɗaya? Mu yi misali kawai. A ce mutum zai zuba buhu goma a hekta, yana sa ran buhu arba'in na masara. Idan rabin buhun masara yana sayen buhun taki, to takin ya ci masa buhu biyar, saura talatin da biyar na huɗa da iri da maganin ciyawa da 'yan ƙwadago da riba. Idan kuwa sai ya sayar da buhu ɗaya da rabi, takin ya ci goma sha biyar tun ba a yi zancen sauran ba. Sannan arba'in ɗin fata ne, ba alkawari ba. Ruwa na iya ɗaukewa makonni uku daidai lokacin da masara ke fitar da gemu, tsutsa na iya shiga. Matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a ƙasar nan bai wuce wajen tan biyu ba, wato buhu ashirin. Saboda irin wannan kasada ne masana tattalin arzikin noma suke da wani ma'auni: sai ƙarin amfanin da taki zai kawo ya kai aƙalla ninki biyu na kuɗinsa kafin ƙaramin manomi ya yarda ya saya. Manomi bai karanta wannan a littafi ba, amma da shi yake aiki.

A nan ne nake ganin an yi wa manoma abin da bai dace ba. A watan Yulin 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwanaki 150. Ba na musun cewa akwai yunwa a lokacin, kuma wanda ke sayen mudu kullum yana da haƙƙi a kan gwamnati. Hatsi ya sauka sosai a 2025, da taimakon wannan mataki da kuma yabanya mai kyau. Amma taki bai sauka tare da shi ba. Mutumin da ya sayi taki da tsada yana dogaro da farashin bara, sai ya wayi gari yana sayar da masara da araha. An taɓa gefe ɗaya na sikeli aka bar ɗayan. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya bukatar kowa ya ba shi shawarar rage masara.

Inda aka fi komawa shi ne waken suya, kuma hujjar mai ƙarfi ce. Idan ka tumɓuke shi ka duba saiwar za ka ga wasu ƙananan ƙuraje. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo naitirojin daga iska su ba shukar, ita kuma ta ciyar da su. Wato yana yin yuriyarsa da kansa. Haka wake da gyaɗa suke. Bayan wannan yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: wasu ire-irensa suna sa irin wuta-wuta da ke kwance a ƙasa ya tsiro, alhali ba zai iya kama saiwarsu ba, sai ya mutu. Gonar da wuta-wuta ta addaba takan ɗan sarara idan aka bi ta da shi, kuma masarar da ta biyo bayansa takan fi wadda ta biyo bayan masara kyau.

Sai dai akwai maganar da ta yaɗu wadda ya kamata a gyara, cewa waken suya ba ya son taki. Yuriya ce ba ya bukata sosai. Fosfet kuwa yana nemansa ƙwarai, kuma ƙasar yankinmu da ma tana da ƙarancinsa. Ba tare da shi ba ƙurajen saiwar ba sa aiki yadda ya kamata. Wanda ya shuka shi a gonar da ta shekara biyar tana shan kamfa zai samu amfani a shekarar farko, domin yana cin ragowar abin da masara ta bari. A shekara ta biyu da ta uku zai ga abin yana ja da baya, ya ce irin ne ya lalace. Buhu biyu ko uku na supa, wadda takin fosfet ce zalla, su ne gyaran, kuma nauyinsu bai kai na ciyar da masara ba. Haka kuma yawancin naitirojin da shukar ta tara yana tafiya ne cikin ƙwayar da aka kai kasuwa. Idan aka kwashe har da karan, ba a mayar da komai ba, abin da ya rage wa gona kaɗan ne.

Matsala ta biyu ta kasuwa ce. Waken suya ba tuwo ba ne. Ana yin awara da shi, ana sa shi a kunu, ana yin daddawa, amma babu gidan da zai shekara a kansa. Masu sayensa da yawa su ne kamfanonin tatsar mai da masu haɗa abincin kaji, kuma su ɗin nan suna bukatar masara fiye da yadda suke bukatarsa, domin ita ce mafi yawan abin da ke cikin abincin kaza. Idan kowa ya gudu daga masara a damina ɗaya, da kaka waken suya zai cika kasuwa ya faɗi, masara ta yi ƙaranci ta tashi, sai baɗi kowa ya sake rugawa masara. Mun ga wannan rawa a tumatir, mun gan ta a albasa. Wanda ya fi shan wuya a cikinta shi ne mai bin farashin bara, domin kullum yana isa kasuwa ne bayan ta watse.

Dawa da gero ba su da wannan haɗarin, tun da ko kasuwa ta ƙi su rumbu zai karɓa. Saiwar dawa tana nitsawa, tana jure ɗaukewar ruwa, kuma tana ba da wani abu ko a gonar da masara za ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da ingantattun ire-irenta da dama. Amma ita ma ci take yi, a hankali ne kawai, kuma wuta-wuta ba ta da wurin da ta fi so kamar gonar dawa da ta gaji. Riɗi yana da kuɗi kuma bai cika neman taki ba, sai dai farashinsa a hannun masu fitar da shi waje yake.

Saboda haka abin da nake ganin ya fi shi ne a juya tambayar. A da akan ce, ga gonata, taki nawa zan nemo? Yanzu sai a ce, ga takin da zan iya saye ba tare da bashin da zai cinye kaka ba, wace gona ce za ta fi biya na shi? Akwai abu biyu da aka sani game da taki waɗanda suke jan mutum gefe biyu. Na farko, buhunan farko sun fi na ƙarshe riba: ƙarin da buhu na uku ke kawowa ya fi na buhu na goma nesa ba kusa ba, don haka babu laifi a kasa cika shawarar masana a shekarar tsada. Na biyu, ƙasar da ta mutu, wadda ba ta da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabba a jikinta, ba ta amsa takin zamani da kyau, ruwa ne ke wanke shi. Wanda ya yayyafa buhu uku a kan hekta uku na irin wannan ƙasa ya biya kuɗin huɗa da noma sau uku don ya girbe kara. Gara ya zaɓi gonar da ta fi rai ya ba masara, ya ciyar da ita daidai gwargwado, sauran ya raba tsakanin dawa da dangin wake, baɗi kuma ya juya su. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Giccin gero da dawa da wake da kakanni suka yi a gona ɗaya amsa ce ga irin wannan tambaya, a zamanin da babu buhun da za a saya ko da kuɗi.

Yadda ake zuba takin ma kuɗi ne. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa da rana tsaka, wani kaso nata yana tashi iska ne ya tafi, kuma wannan ƙaurin da ke hawa hanci shi ne kuɗin mutum yana ficewa. A tona ɗan rami kusa da gindin shuka, a zuba, a rufe, lokacin da ƙasa ke da danshi. A raba shi biyu, kamfa a makonnin farko, yuriya kafin masara ta fitar da kai. Aikin ya fi yawa, gaskiya ne, amma a shekarar da buhu ya fi ɗan ƙwadago tsada, lissafin ya koma gefen tonon.

A wannan fanni makwabtanmu na Nijar sun riga mu, domin su ba su taɓa samun taki mai araha kamar namu ba. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai aka inganta dabarar sa ɗan kaɗan a kowane rami, kimanin giram shida na kamfa, abin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba. A gonar gero mai ramuka dubu goma a hekta, wannan kilo 60 ne, buhu ɗaya da 'yan kai. Dabarar ta gero da dawa ce, ba za ta ƙosar da masara ba, amma ga manomin Jigawa ko arewacin Katsina ko Sakkwato ta fi kusa da aljihunsa. A Maraɗi da Damagaram kuma, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturen itatuwa su sake tohowa a gonaki, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya takanta ƙasa ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba. Duk wanda ya taɓa ganin geron gindin gawo ya san bambancin. Suna kuma da tsarin da ƙungiyar manoma ke kulle hatsi a sito da kaka a karɓi rance a kansa, a sayar idan ya yi daraja, a sayi taki kafin ruwa ya sauka.

Takin gargajiya kuwa, wanda kowa ke ambata kamar a ƙasa ake tsintarsa, shi ma ya zama kayan kasuwa. Gonakin kewayen Kano sun shekara aru-aru ana noma su ba hutu saboda mangalar jakuna da ke kai musu takin birni da na turke. A wasu wuraren Fulani ne ke sauka a gona da rani, shanu su ci kara su bar kashi. Satar shanu da rashin tsaro sun raba wannan tsohuwar ma'amala a yankuna da yawa na Zamfara da Katsina da Kaduna, kuma asarar da ƙasa ta yi ta wannan hanya ba ta shiga kowane lissafin gwamnati.

Gwamnatoci sun fi son rabon buhuna, domin ana iya ɗaukar hotonsa. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka sa burin kai amfani da taki kilo 50 a hekta kafin 2015, ba a kai ba, aka sake taruwa a Nairobi a 2024. A 2012 an gwada aika wa manomi saƙo ta waya ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Kowane shiri da irin alherinsa, amma abin da ya fi amfanar manomi ba ya ɗaukar hoto. Yana bukatar ya tabbata abin da ke cikin buhu shi ne abin da aka rubuta a bayansa, kuma akwai dokar kula da ingancin taki ta 2019 da aka yi don haka, aiwatarwa ce ta rage. Yana bukatar supa ta samu a kasuwar ƙauye kamar yadda yuriya ke samuwa. Yana bukatar ya san tun kafin ya shuka ko za a buɗe ƙofar shigo da hatsi a kan girbinsa. Sannan duk taimakon da za a yi ya iso a kan kari. Zaman zaure a watan Afrilu da Mayu ake yin sa, kuma da zarar an binne iri an gama magana. Tirelar takin tallafi da ta iso a watan Agusta za ta tarar da dawa da waken suya tsaye a gonar da aka so a ga masara, sai buhunan su bi ta hannun dillalai su koma kasuwa, ko a jingine su a ɗaki a jira noman rani.